Porogaram Ɗinmu Ya Ƙi Windows

Litinin, 11 ga Nuwamba

Mutane suna zaton porogaram ɗin da ya yi aiki a ordinater, wato kwamfuta, ɗaya zai yi a kowace. Ina! Balle mai magana ta reso, wato layin da ke haɗa ordinatoci. Yaran kulob ɗina sun rubuta na hira tsakanin ordinatoci a kan tawa mai Linux, na lakwal, makarantarmu, kuwa duk Windows ne. Ko tashi bai yi ba. Ga direkta zai zo kallo ran Asabar. Ya ce in bai ga abin kirki ba, ɗakinmu ya zama ma'ajiyar karyayyun tebura. Ina zan kai yaran nan?

Talata, 12 ga Nuwamba

Na sa winsock2.h, fayil ɗin reso na Windows, a saman porogaram ɗin, umarnin close ya koma closesocket. Ya tashi! Amma saƙo bai tafi ba, bai kuma ce akwai matsala ba. Shiru kawai. Habsatu, ɗalibata mai rabin aikin, ta ce, "Mushe, ko fushi yake da mu?" (Mushe suke ce mini, wato Malam.) Suka kwashe da dariya. Na taya su.

Laraba, 13 ga Nuwamba

Ba kuran, ba wutar lantarki ko kaɗan, a unguwar Talladjé tun safe. Ya Allah.

Alhamis, 14 ga Nuwamba

Ibrahim, ɗaya daga cikin yaran: "Mushe, a nuna wa direkta a ordinater taka mana." Shi kuwa a na lakwal yake son gani.

Bayan la'asar na gano dalilin shirun. Mun rubuta cewa in lambar soket, wato ƙofar da saƙo ke bi, ta gaza sifili, an samu matsala. A Linux daidai ne. A Windows lambar ba ta taɓa sauka ƙasa da sifili, sai porogaram ya ɗauka lafiya lau. Na gwama ta da INVALID_SOCKET, nan take ya yi kuka: ba mu kira WSAStartup ba. Ashe Windows sai an yi masa sallama kafin ya buɗe ƙofa.

Ɓangaren mai karɓa ya gyaru. Saura mai aikawa, na Habsatu.

Juma'a, 15 ga Nuwamba

Gobe ne. Na bayyana wa yaran komai a allo. Hannuna har ya kai kan madannai, Habsatu ta ce, "Ka yi kawai, Mushe, kar in ɓata mana."

Da na yi, da tuni an gama. In ta ɓata, ɗakin ya tafi, na sani. Ban san me ya tashe ni daga kujerar ba.

Na tura mata ita, na cusa hannuwana cikin aljihu.

"Bismillah. Gwada da kanki."