Kwanson da Kawu Sale Ya Tsince

Daren Asabar, Turawa, 1989

Alhamdulillahi, yau ni na cinye gasar maharba a Jajaye! Ƙwarya uku aka rataye, duk na fasa su.

Duk sanda na sake ɗura kwanson harsashi na tagulla, nakan ja masa zane da ƙusa. In zanen ya kai goma, sai in yar, don kada ya tsage. Makon jiya Kawu Sale ya tsince wanda na yar ya ɗura, yana dariya: "Kai Audu, ɓarna gare ka."

Yau a wajen gasar kwanson ya tsage, ya maƙale a bindigarsa gaban jama'a. Amma Allah Ya tsare.

Bayan magariba Kawu ya zo ya yi sallama, ya daɗe yana gaisuwa, sannan ya ce, "Ɗana, ina ƙusar nan taka?"