Yara Arba'in da Ɗaya da Aka Sauko da Su Daga Kan Tudu

Ranar Lahadi

Zuwa ga ƙanena,

"Yaya, ki rufe ido ki kai 'yarki makarantar kan tudu. Ni nake haɗa jerin nan da hannuna a ofishin ilimi, ita ce ta ɗaya cikin sakandaren gwamnati goma sha biyu na yankin nan. In wani abu ya samu karatunta, ni za ki tuhuma." Maganarka ce, shekara uku da suka wuce, kana zaune a tsakar gidana ka ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. To, ranar tuhuma ta zo.

Bayan haka ina gaishe ka. Ina fata kana lafiya, da mai ɗakinka da yara. Yaya ciwon bayan? Mu lafiya lau, in ka cire abin da ya sa na ɗauki biro.

Ran Laraba 'yar tawa, 'yarka, ta dawo da takarda a hannu, ido ya kumbura. An kira su, su arba'in da ɗaya, ofishin shugaban makaranta, an ce su tattara su koma makarantar bayan tasha, can za a yi musu rajistar jarrabawar fita. Laifinsu sun faɗi jarrabawar gwaji. Ka san lokacin gwajin nan tana kwance da taifot, kai da kanka ka zo duba ta asibiti.

Na je na ga shugaban. Awa biyu ya shanya ni a benci ina kallon kofunan da ya jera a kabad, sannan ya ce wai azuzuwa sun cika. Na tambaye shi, shekara uku ba su cika ba sai da rajista ta ƙarato? Ya ce in yi haƙuri. Na ce masa a gida na baro shi.

Daga nan na wuce bayan tasha, inda ka sa na cire ta, wadda ka rubuta ta goma sha biyu, ta ƙarshe. Iska ta yaye rufin aji biyu, wannan gaskiya ne. Amma na tarar da malamar kimiyya da yara saba'in a gabanta, tana gwaji da kwalaben da ta wanko daga gidanta, kowa kuma ya duƙa yana rubutu. Ita ta buɗe mini ido. Ta ce kowace shekara, saura wata biyu jarrabawa, kan tudu sai ta tankaɗe ɗalibanta, ta riƙe gari ta zubo musu tsaki. Su kuwa ba sa mayar da kowa. In sakamako ya fito, can casa'in da takwas cikin ɗari, nan arba'in. Sai ku zauna ƙarƙashin fanka ku buga jeri, iyaye irina mu yi ta rububi.

Shekara ashirin da biyu ina aiki a ɗakin karatu, abin da ban karanta ba kaɗan ne. Ban taɓa cin karo da asibitin da aka ba kofi don ya tura marasa lafiyarsa maƙwabta kafin a zo duba shi ba.

Ran Juma'a ake rufe rajista. Ka amsa mini. Ka gaida mutanen gida.

Yayarka.

Ranar Talata

Ƙanena,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kun tashi lafiya. Direbanka ya kawo saƙonka. Ka ce ka yi magana da shugaban, za a mayar da sunan 'yarka ita kaɗai, amma kada maganar ta fita.

Ba zan ɓoye maka ba, na yi murna. Uwa ce ni kafin komai. Har na fara goge mata kayan makaranta, na kira ta na yi mata albishir. Ba ta ko yi murmushi ba. Sai ta tambaye ni ƙawarta fa, 'yar mai gyaran takalmi, wadda suke benci ɗaya shekara uku, ita wane kawu gare ta a ofishin ilimi? Ban taɓa jin kunya irin ta jiya ba. Na ajiye dutsen gugar na sa mayafi.

Na koma wurin malamar kimiyya. Ta fito mini da fayil na takardun canjin makaranta na shekara biyar. A ƙasan kowace takarda sa hannu ɗaya ne. Na san shi kuwa, tunda ni na kama yatsunka na koya maka riƙe alli a bayan ƙofar Inna. Ashe ranar da ka ce in rufe ido, kai naka a buɗe yake. Ka san yadda ta ɗaya ta zama ta ɗaya, ka kuma tura 'yar yayarka can, kana ganin in ruwa ya zo wuya za ka tsamo ta a ɓoye. 'Ya'yan mutane su nutse.

Na gode da alfarmar, ka riƙe abinka. Yarinyar ma ta ce in ba za a mayar da su duka ba, bayan tasha za ta rubuta tare da 'yan uwanta, kuma na yarda, ko da yake zuciyata tana ƙuna.

Ga abin da nake so. Kafin ƙarfe goma sha biyun ranar Alhamis, a mayar da sunaye arba'in da ɗaya cikin rajistar kan tudu, ba arba'in ba. Kai ka sa hannu aka sauko da su, hannun nan bai karye ba.

In Alhamis ta wuce shiru, sai mu haɗu ran Asabar a taron da za ku ba kan tudu kofin ta ɗaya. Takardar gayyata ta iyaye tana jakata, na kuma zaga gida talatin da shida, saura huɗu gobe. A layin gaba za mu zauna. Za mu bar ka ka gama jawabinka, ka ɗaga kofin, a fara tafi. Sannan in miƙe in karanto sunayen ɗaya bayan ɗaya, duk sunan da na kira uwarsa ta tashi tsaye, a gaban manyanka da masu ɗaukar hoto. Kada ka wahalar da kanka ka ce a kashe lasifika. Ka san muryata tun kana goye.

Ka gaida mai ɗakinka, ka ce mata ita babu ruwanta.

Yayarka, ciki ɗaya.