Billen Baba

Ƙanƙara

Zuwa ga Yaya Mairo,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da yara. Ya ƙafar Inna? Ya kuma zaman Sabuwa? Allah Ya ƙara tsarewa.

Bayan haka, Mas'udu direba ya maido mani hoton Baba da na buga, tare da saƙon Inna cewa wannan ba shi ba ne, ina billenshi? Kin san ina goye Baba ya rasu, ban san yana da bille ba. Ɗan tsohon hoton nan na kasuwar 'Yankara shi kaɗai gare mu.

Na koma na duba a allon kwamfutar shagon hoton da nake aiki. Ga bille nan a kumatun hagu, siriri. A takarda kuwa babu, gefen fuskar duk ya cushe ya zama baƙi ƙirin. Na sake bugawa, baƙin ya ɗauko kore-kore kamar gansakuka. Na sake, ya yi ja. Hoto baƙi da fari ne fa, amma injin bugawar sai ya cakuɗa tawadar kala. Idona har yaji yake.

Abin da na lura, allo haske yake fitarwa, takarda kuwa shan tawada take. Abin da allo ya nuna maka ba shi takarda za ta ba ka ba. Ki ba Inna haƙuri, ban bari ba.

Ƙanenki,
Gide

Ƙanƙara

Yaya Mairo,

Sallama da gaisuwa. Takardarki ta iso, na karanta ta a tsaye bakin shago.

Kin tambayi yadda na yi. Maigidana Malam Harisu ya nuna mani inda ake dannawa allo ya kwaikwayi takardar da za a buga. Ina dannawa, bille ya ɓace a allon ma. Ya ce, "To yanzu ka ga gaskiya, nan za ka yi gyara." Na rage hasken allo, na sa injin ya yi da baƙar tawada kaɗai, na riƙa rage duhun kumatun kaɗan-kaɗan har billen ya fito. Malam ya ce in ƙara haske gaba ɗaya kamar yadda muke yi wa 'yan biki, na ce Inna za ta sake maidowa, Baba ai baƙi ne. Kowane gwaji sai na fita da shi rana na duba. Na gaji, wallahi, har abinci ya fita raina.

Kin ce da kika miƙa wa Inna sabon hoton a tsakar gida, sai ta jawo gyale ta rufe kanta, ta sunkuyar da ido, yadda take yi a da in Baba ya shigo gida. Nan na zauna kan benci. Ya ishe ni.

Na buga wa kaina ɗaya. Yau da safe na tsaya da shi gaban madubi. Ashe goshinshi gare ni, ba ku taɓa gaya mani ba.

A gaida Inna.

Naki,
Gide