Amsar da na ba ka kan harsashin beyar

Assalamu alaikum Baba. Bayan gaisuwa da girmamawa irin ta 'ya ga mahaifinta, ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji.

A tashar jirgin ƙasa ta Titiwangsa na gane ka rasu. Ina tsaye da kulolin tuwo biyu da zan kai wa ɗalibai a Jalan Semarak, sai Yaya Sani ya turo hoton 'yan gida zaune a zaure, bai rubuta komai ba. A gefen tabarma na hango burgaminka a buɗe, an zazzage harsasan waje. Tunda na yi wayo ban taɓa ganin hannun wani a cikin jakar nan ba, ko na Inna. Jirgi ya zo ya wuce har sau uku ina nan tsaye. Da la'asar suka kira Abban Hanifa wai ya lallaɓa ya gaya mini.

Baba, akwai abin da na yi maka wanda ban gaya wa kowa a gida ba.

Ka tuna bidiyon da Yaya Sani ya nuna maka a wayarsa, na wata ƙatuwar dabba mai gashi da Turawa ke farauta a ƙasar sanyi, beyar ɗin da suke kira girizli? Ka kira ni kana ta mamaki, wai ta miƙe tsaye kamar mutum, ta fi ƙofar zaurenmu. Ka ce in tambayo maka maharban nan da wane harsashi suke tunkararta. A wurinka ƙasar waje duk gari ɗaya ce. Na ji nauyin gaya maka cewa nan Maleshiya ruwa ne da zufa, kuma tsakanina da wannan dabba ya fi tsakanina da kai nisa.

Sau huɗu kana tambaya. Kullum in ce sai Abban Hanifa ya samu sarari daga karatu, don Turancina bai kai can ba. Rana ta biyar miyar kuka tana kan wuta, masu tapau, wato masu odar abinci, suna ta kira, Hanifa tana kuka. Sai na ce maka na tambaya, sun ce mafi girman harsashin da ke kasuwa suke saya. Ban tambayi kowa ba. Bakina ne kawai ya faɗa don ka bar ni.

Sai ka ce, “To, ashe tsoro suke ji.” Ka sa mini albarka, ka ce in gaida maigida.

Ni kuwa na san abin da ka koya mana. Ina ƙarama nakan zauna kusa da kai kana jera harsasai a kan buzu, na zabo daban, na gada daban, na gadu daban. Kakan ce wanda ya harbi babbar dabba da ƙaramin harsashi azzalumi ne, don za ta tafi da ciwo ta huce a kan mai itace. Kakan kuma ce wanda ya ɗauki abin da kafaɗarsa ke tsoro zai runtse ido kafin ya ja kunamar bindiga, shi ma raunata ta zai yi.

Bayan sadakar bakwai na sa Abban Hanifa ya ajiye littattafansa. Muka zauna bakin tafki yana karanto mini abin da maharban can suka rubuta, yana mayar mini da Hausa. Sunayen harsasan duk lambobi ne, ban riƙe ko ɗaya ba. Amma maganar na gane ta sarai. Suna son harsashi mai nauyi wanda zai ratsa kitse da ƙashi bai tarwatse ba. Kuma da yawansu suna gargaɗi kada mutum ya ɗauki wanda ya fi ƙarfin kafaɗarsa, don babu abin da suke gudu kamar beyar mai rauni a cikin duhuwa. Maganarka ce, Baba, sak. Da na yi haƙurin yini ɗaya, da ka ji ta da kunnenka ka yi wannan dariyar taka marar sauti.

Da abin ya tsaya tsakanina da kai, da na yi ta istigfari ni kaɗai. Amma da na kira amininka Baba Ɗanjuma in yi masa ta'aziyya, sai ya ce ai har makon da ka kwanta kana ba maharba labari a gindin tsamiya, cewa Turawa mafi girman harsashi suke saya, 'yarka da ke can ta tabbatar maka. Ya ce yanzu haka matasansu suna maimaitawa, wai ko Bature babban harsashi yake nema, kuma kai Malam Audu ne ka faɗa. Kai da ba ka taɓa cewa ka ga sawun da ba ka gani ba, ga shi ana yawo da ƙaryata da sunanka. Ina jinsa na ce Allah sarki, na yi sallama.

Allah Ya gafarta maka, Babana. Ya yalwata kabarinka, Ya sa dabbobin da ka sauƙaƙa wa mutuwa su zama shaida a gare ka. Ni ma Ya yafe mini.

Lambar Baba Ɗanjuma tana wayata. Yau kwana arba'in da biyu da rasuwarka, ban kira shi na gaya masa ni na ƙirƙira ba.

'Yarka,
Hajara