Matar Jirgin Fito da Minti Shidan da Na Yanke

Zuwa ga takwarata, 'yar ƙanwata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar wadda ta yi kewarki, da fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Injiniya da abin da kike ɗauke da shi. Allah Ya raba lafiya, Ya sa mu ji alheri. An ce ƙafafunki sun fara kumbura, kuma har yanzu awa takwas kike yi a tsaye a bayan kantar magani. Ki nemi kujera, takwara, babu wanda zai ba ki lambar yabo saboda tsayuwa.

Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi. Hawan jinin Babanki ya sauka, likita ya rage masa ƙwaya ɗaya, yana ta shela a layi kamar wanda ya ci jarrabawa. Yayanki Dogo ya sake fentin falo, matarsa ta ce ya mayar mata da gida ɗakin jiran asibiti. Ni kuma ina nan da shafina na ranar Asabar a jarida, sabon edita ya rage mini layi ashirin, na ce masa babu komai, yanka ai aikina ne tun kafin ya iya ɗaura igiyar takalmi. Ummanki ce kawai. Jikinta ƙalau, amma tun wayar da kuka yi makonni uku da suka wuce ta ajiye maganar zuwa wurinki. Biza ta fito, akwati yana saman kabad, ita kuwa ta ce gwiwa ta hana ta, gwiwar da take hawa bene da ita sau huɗu a rana don shanya. Saura wata biyu ki haihu, kuma ban yarda ki haihu babu ita a kusa ba. Zan zo kan wannan, amma bari in fara da abin da kika roƙa.

Kin ce ku goma sha ɗaya ne masu rajin 'yancin mata da kuke taruwa a falonki ranar Lahadi da la'asar, kuna kallo kuna muhawara, kuma kun gaji da fina-finan da mace ba ta da aiki a ciki sai kuka da kawo shayi. Sunayen guda tara da na zaɓo suna a ƙaramar takardar da na haɗa da wannan, da shekarar kowanne, don kada ku ɗauko wani mai irin sunan. A nan dalilai kawai zan ba ki. Shekara ashirin da takwas na yi a ɗakin tace hoto na gidan talabijin, kuma abu ɗaya na koya da ya fi ƙarfin duk abin da aka rubuta a jikin fosta: idan labari ya kai inda za a yanke shawara, ki duba fuskar da kyamara ta tsaya a kai. Da yawa za su ba mace bindiga da babur, ta doke maza bakwai gashinta bai motsa ba, amma da an zo wurin da abu zai canza sai a juya kan namiji, mu ga yadda shi ya ji. Wannan fim nasa ne, ita aron ta aka yi. Duk wanda na sa miki, sai da na gwada shi da wannan ma'auni.

Ku fara da na ɗaya, labarin alƙaliyar ƙaramar kotu da ta ɗaure mutum bisa kuskure, ta gano bayan shekara biyu, ba kuma wanda ya sani sai ita. Rabin fim ɗin a mota take, tana zuwa ƙofar gidan yari tana juyawa. Ina son sa don an bar mace ta yi laifi babba, ta kuma ɗauki nauyinsa da kanta, ba a kawo miji ko uba ya wanke ta ba. Na uku na dariya ne, mata biyu masu shara a filin jirgin sama da suka fi manajan sanin yadda wurin yake tafiya. Ɗayar malalaciya ce ta gaske, ga son jiki ga baki, kuma har aka gama ba a shirye ta ba. Ku lura da wannan, domin masu fim suna tsoron mace mai aibi, sai sun mayar da ita waliyya kafin su yarda mu so ta. Na biyar ba wasa ba ne, bin wata ungozoma aka yi da kyamara shekara guda, kuma akwai wurin da take wanke hannu minti biyu cur ba a yanke ba. Wanda ya tace shi ya san aikinsa. Na shida da na bakwai masu dogon zango ne, kada ku fara su sai kun shirya yin wata uku kuna faɗa a kan wata shugabar makaranta da ni kaina har yau ban yanke ko ina ƙaunarta ba. Na takwas yana da wurin duka mai nauyi wajen minti na arba'in, ki faɗa wa ƙawayenki tun kafin a kunna, ke kuma a halin da kike ciki ki tashi ki ɗora ruwan zafi.

Yanzu ga wanda ban sa a jerin ba. Ummanki ta ce da kika ba ta labarin taron naku, ta ce ku kalli shirin matar jirgin fito, wanda kuke zama gabansa kowace Laraba kina aji uku. Ta ce sai kika kwashe da dariya, kika ce ai wannan shi ne ya koya wa mata zama tsumman goge ƙafa: mijinta ya kwanta ciwo, ta yi mako ashirin da shida tana tuƙa jirgi tana ƙetarar da mutane, ranar da ya warke ta miƙa masa sitiyari ta sauka ta tafi gida, aka sa kiɗa. Kika ce sai wadda ta saba da irin wannan rayuwa ce za ta so shi. Na san wasa kike, bakinki irin nawa ne, shi ya sa aka sa miki sunana aka huta. Amma ita da ta zo gidana ko mayafi ba ta cire ba, ta ce in ji, ashe 'yar da ta goya kallon tsumma take mata.

Abin da ke da ita duka ba ku sani ba shi ne, ƙarshen da kuka gani ba ƙarshen shirin ba ne. Ni na yi shi. Ranar da za a sa kashi na ƙarshe, wani jawabi da ake watsawa kai tsaye ya zarce lokacinsa, shugaban sashenmu ya leƙo ya ce in cire minti shida kafin labarai, kuma saura kwata a fara. A ƙa'idar aiki, kallon kaset ake yi daga farko a tsinci abin da za a rage nan da can. Ni kuwa na tura shi can ƙarshe da gudu, na ji kiɗa ya tashi, na ga mace tana sauka daga jirgi rana tana faɗuwa a bayanta. Duk mai tacewa ya san wannan hoto, sallama ce. Na ɗauka abin da ya rage tallar kamfanin da ya yi shirin ne da jerin sunaye, na datse a nan, na manna sunayen, na miƙa. Har yaba mini aka yi don sauri. Sai shekara huɗu da suka wuce, da aka kira mu tsofaffin ma'aikata mu taya kwashe tsofaffin kaset zuwa kwamfuta, na zauna na kalli asalin. A cikin asalin, washegari da safe mijin ya tayar da jirgi cike da mutane, bai yi nisa ba ya kafe a tudun yashi, domin a watannin da yake kwance kogin ya sauya hanya. Yana ta zufa, fasinjoji suna ta surutu, sai ga ta a ƙaramin kwalekwale. Ta hau jirgin. Ya matsa gefe, ta kama sitiyari, shi ya ɗauki gora ya tafi gaba yana auna zurfi yana faɗa mata. Kyamara tana kan fuskarta har aka rufe.

Kunya ta hana ni faɗa wa kowa. Ina rubuta shafi a kan yadda ake tauye mata a fim, alhali da hannuna na sauke mace daga jirginta a gaban gari guda. Da wannan rigima ta taso na ga shirun ya isa. Na nemi izini aka kwafa mini kashin a filashi, ranar Talata na kai wa Ummanki shago, muka kunna a kwamfutar Dogo a ɗakin baya, tsakanin kawunan kekunan ɗinki da gwangwanayen mai. Na yi mata bayani tiryan-tiryan, na zauna ina jiran faɗa. Ta kalla har ƙarshe da tabarau a kan hanci, sannan ta ce wannan ne abin da nake ta ɓoyo kamar na kashe mutum? Ta ce ita tun ranar ta san matar za ta koma. Na ce ta yaya, tunda ban bar ko alama ba. Ta ce in mayar baya, wurin da take sauka. Na mayar. Ta sa yatsa a kan gilashin ta ce in dubi hammatarta. Takwara, ɗan littafin da matar take rubuta zurfin ruwa a ciki tun kashi na huɗu yana nan maƙale a hammatarta. Sitiyari ta ba shi, littafin ta tafi da abinta. Ummanki ta ce wadda za ta zauna a gida me za ta yi da zurfin kogi? Ta ƙara da cewa mu 'yan boko baki muke kallo, ita hannu take kallo. Sau uku na kalli wurin nan a rayuwata da idon sana'a, ban taɓa ganin littafin ba.

Kina da shekara biyar lokacin da Babanki ya yi haɗarin babur, don haka ba lallai ki tuna ba. Shekara biyu yana kwance, ita ta riƙe shagon gyaran keken ɗinki. Ba ta taɓa kwance keke ba kafin nan. Da rana take zare kan keke ta kai masa bakin gado, ya nuna mata da baki, ta koma ta gwada, har ta kai da jin ƙarar keke take gane abin da yake damunsa. Da ya miƙe ta share kujerar gaba ta ba shi, ta koma ɗakin baya, kuma abin da kika taso kina gani ke nan: Baba a gaba yana karɓar mutane, Umma a ciki. Amma ki tambayi kowane tela a layin nan inda yake kai kekensa idan zare ya fara tsinkewa. Gaisawa suke da Babanki su wuce ciki, shi ma da kansa yake ɗaga musu labule yana cewa likitar tana ciki. Ba ina ce miki tsarin nan daidai ne ba. Ni da ita mun sha faɗa a kan allon shagon da har yau sunansa kaɗai ke jiki, kuma ina nan a kan bakana. Kuna da gaskiya ku tattauna irin wannan a taronku, da zafi ma. Sai dai da kika yi wa matar jirgin dariya, ita kanta ta ji kin yi wa, kuma hukuncin naki a kan kaset ɗin da innarki ta gutsure kika yanke shi.

Na so in sa filashin a cikin wannan ambulan, ya zama na goma a jerinku. Da na miƙa hannu zan zare shi daga kwamfuta, Ummanki ta riga ni, ta ƙulle shi a bakin mayafi. Ta ce ba ta yarda da gidan waya ba, kuma ba ta yarda mata goma sha ɗaya masu digiri su kalle shi su kaɗai ba, za su sake kallon baki su bar hannu. Ta ce in ana so a gani, akwai mai kai shi har falo ta zauna ta yi bayani, amma ita ba a gayyace ta ba, kuma ba ta zuwa inda ba a kira ta ba. Na ce gwiwar fa? Ta ce in bar gwiwa inda take, ba da ni take magana ba.

Don haka ki kira ta ranar Juma'a da hantsi, lokacin shago babu mutane. Kada ki yi mata dogon jawabin ban haƙuri irin na takarda, kin san za ta ce ana kiranta ta kashe wayar. Ki ce kawai ƙungiyarku tana neman mai gabatar da shirin matar jirgin fito, kuma an ce duk duniya babu wanda ya fi ta saninsa. Ba ƙarya kika yi ba, ni shaida ce.

Babanki yana gaishe ki, ya ce a faɗa wa Injiniya har yanzu yana jiran hoton gadar da ya yi alkawari. Dogo da matarsa da 'yan biyunsu suna gaisuwa, haka Kawunki Mai Agogo da Gwaggonki ta bayan makaranta, wadda ta riga ta fara saƙa hular jariri kala biyu don kada a ba ta kunya. Ki gaishe mini da ƙawayenki na Lahadi, ki ce musu mai yankan ta amsa laifinta, su yi mata sassauci. Allah Ya sauke ki lafiya, Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Taki har kullum,
Innarki, mai sunanki