Abin da Ya Karanta a Jinina

Yayata,

Gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya. Ya maigidanki da yaran? Ya ƙafar Inna? Ki yi haƙuri da rubutun, da hagu nake yi.

Kin san na jima ina fama da mura da ƙurajen baki. Likita ta sa an ɗebi jinina, aka ga wasu fararen ƙwayoyin jini da ake kira limfosait, masu gadin jiki, sun yi ƙasa. Ta ce abubuwa da yawa na jawo haka: zazzaɓin da ya wuce, ƙarancin abinci mai gina jiki, wasu magunguna, cutar da jiki ke yaƙar kansa, ko ƙanjamau. Sai an ƙara bincike.

Na bar sakamakon a kan firij. Mijina Injiniya, wanda rabonsa da karanta abu har ƙarshe tun jarrabawar digiri, ya tambayi wayarsa. Ta jero masa dalilai, ya zaɓi guda.

Ina yanka albasa ya shigo kicin. Ya tambaye ni ko wane ne a ofishinmu, bai jira amsa ba. Mari ya fara, sannan bel, ta wajen ƙarfen. Da na kare fuskata ya kama hannun ya datse da ƙofar kabad, har na ji ƙarar ƙashin. Ya ja ni da gashi zuwa falo yana kirana karuwa mai digiri. Wuƙar albasar tana ɗaya hannuna duk tsawon lokacin, Yaya. Ban yar ba, ban kuma soka ba. Har yanzu ban san wanne ya kamata in yi alfahari da shi ba.

Maƙwabciya ce ta kawo ni asibiti. 'Yata, da ta kalli komai daga bayan labule, tana wurinsa. Wannan ne ke hana ni sukuni, ba hannun ba.

Ki gaida kowa.
Ƙanwarki, 'Yar Boko

Yayata,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, ni da sauƙi. Idon da ya kumbura ya buɗe.

Ba ni da ƙanjamau. Likita ta tambaye ni me nake sha, na ce ba komai sai bitamin ɗin da Injiniya ke kawo min, tun da ya ce na rame kamar tsintsiya, abokansa na zaton ba ya ciyar da ni. Maƙwabciya ta ɗauko kwalbar. Ashe ƙwayar ƙiba ce, sitiroyid, mai kumbura kumatu ta kwantar da masu gadin jiki. Ba a ma daina ta farat ɗaya, don haka har yau ina haɗiyar kyautarsa, ana rage min a hankali.

Jiya ya zo da kawunsa da ledar lemo. Shaiɗan ne, in ji su. Likita ta ce tunda cutar ta zo masa a rai da wuri haka, shi ma ya miƙo hannu a gwada. Nan take ya tuna yana da mitin.

Inna ta kira, ta ce tunda an wanke ni in koma ɗakina. Wato da gwajin ya fito akasin haka, da hannun ya cancanci ƙofar kabad. Ban yi musu ba, na gaishe ta da ƙafa.

Ba zan koma ba. Ya sani, shi ya sa ya ce yarinyar na gidansa sai ranar da na dawo. Ya bari ta shigo ta gan ni. Kumatunta sun yi ɓul-ɓul, kawu har yana yabawa. Ta raɗa min cewa Baba na jefa mata rabin bitamin a shayi, wai kada ta yi gadon ƙashin uwarta.

Gobe ki je makarantarsu kafin a tashi. Malamar ajinsu ta san fuskarki. Kada ki biya ta gidan Inna, kada ki ɗaga wayarsa. Ki kawo min ita nan kai tsaye, likita na jiran jininta. In ya tare ki a ƙofa, ki ɗaga murya mutane su taru. Ni shiru na yi, kin ga abin da ya saya min.

Allah ya bar zumunci.
Ƙanwarki, 'Yar Boko