Ku Gaya wa Kakana Babu Gada

Zuwa ga shugabannin gidajen rediyo guda biyu da ake kamawa a ƙauyenmu, wanda kakana yake ji da safe da wanda kakata take ji da yamma.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fata kuna lafiya, ku da iyalanku da ma'aikatanku. Sunana Falmata. Bara na gama firamare. Ina zaune a Mashayar Bulama, wani ɗan ƙauye a bakin kogi tsakanin Nguru da Gashuwa. Ban saba magana a gaban manya ba, ko a aji sai malam ya maimaita sunana nake ɗaga kai. Shi ya sa na zaɓi rubutu, don takarda ba ta kallon mutum. In na yi kuskure a yafe mini. Ban kama sunan gidajenku ba saboda girmamawa. A gidanmu ma rediyon Kaka da rediyon Iya ake ce muku, kuma na san kowa zai gane kansa.

Maganar a kan gada ce, da kuma kakana Baba Modu, wanda nake tsoron zai faɗa ruwa ranar zaɓe ta dalilinku.

Na farko, abin da idona ya gani.

Makarantarmu da kasuwa da rumfar zaɓe duk suna tsallaken kogi. Tun da na yi wayo da kwalekwalen Malam Ari muke hayewa. Kafin damina wasu manyan mutane suka zo da motoci, aka kafa rumfa, aka yi kiɗa, aka raba lemo. Wani mai babbar riga ya shafa siminti a kan bulo, aka tafa masa. Aka kafa allo mai hoton gada. Kafin la'asar sun tafi. Abin da suka bari ginshiƙi ne guda ɗaya, tsayinsa bai wuce ƙuguna ba. Yanzu mata suna shanya wanki a kansa, in babu wanki akuyar maƙwabtanmu ta hau ta kwanta. Allon kuwa iska ta kayar, Malam Ari ya ɗauka ya yi wa kwalekwalensa benci. Don haka wanda ya ce muna hawa gada bai yi ƙarya duka ba, a kan hotonta muke zama.

Na biyu, rediyon Kaka.

Kakana idonsa ya tafi tun ina ƙarama. Ni nake riƙe masa sanda zuwa masallaci da majalisa, nake gaya masa ga rami, ga ƙaya, ga wane yana tahowa. Idona yake kirana. Wata safiya yana shan kunu sai rediyonsa ya ce an kammala katafariyar gadar Mashayar Bulama, an buɗe ta, motoci suna kai da kawowa, jama'a suna ta murna. Har aka sa muryar wani da aka ce ɗan garinmu ne yana godiya. Duk gidan muka kasa kunne, babu wanda ya san muryar, kuma sunan garin ma sai da ya yi tuntuɓe a kansa. Kaka ya ajiye ludayi ya yi hamdala, ya ce ashe da rabon yana raye za a yi. Na matsa kusa na ce masa a hankali, Kaka, babu gada fa, yanzu na dawo daga ɗebo ruwa. Ya juyo ya ce, "Ke da kika gama firamare jiya jiya za ki fi rediyo sani? Mutanen da ake jin muryarsu har Dapchi?" Ya ce in yi shiru, ga shi ma yana jin ƙugin motoci a kanta. Na ce injin niƙan gidan maƙwabciyarmu Ya Fanna ne. Daga ranar ya daina ce mini Idona. 'Yar adawa yake ce mini.

Na uku, rediyon Iya.

Iya, kakata, ba ta shiri da rediyon Kaka, ta ce maroƙi ne mai batir. Tana da nata. Lokacin da aka yi wancan labari tana Karasuwa wajen jegon ƙanwar babana, ta daɗe a can, kuma ta hanyar tudu ta dawo. Kwana kaɗan da dawowarta, tana tuƙa tuwon dare, nata rediyon ya ce sabuwar gadar Mashayar Bulama ta rufta saboda an cinye kuɗin siminti, ana fargabar an yi asarar rayuka. Iya ta saki muciya ta yi salati. Na ce Iya, ba rushewa ta yi ba, ba a gina ta ba ne. Ta ce in kai ta ta gani da idonta. Washegari muka je bakin kogi. Ta dubi ruwa, ta dubi akuya a kan ginshiƙi, ta riƙe haɓa ta ce, "Kin gani ko? Ƙafa ɗaya kawai ta rage. Azzalumai!" Na ce ta tambayi duk wanda take so a garin. Ta ce ai tsoro ya hana kowa magana, ni kuma kare su nake yi, in faɗa mata me suka ba ni. Ita 'yar gwamnati take ce mini.

Ranku ya daɗe, ni ko katin zaɓe shekaruna ba su kai ba. Amma a gida ɗaya da safe ni ce adawa, da yamma ni ce gwamnati, kuma magana ɗaya na faɗa wa kowannensu.

Na huɗu, baƙin da kuka aiko mana.

Ranar wata Juma'a Kawu Bukar ya zo daga Gashuwa yi mana barka, da goro, da sabon babur don ya gwada gadar. A ranar Gwaggo Aisa ta zo daga Nguru yi mana jaje, tun daga tsallake ake jin kukanta. Kwalekwale ɗaya suka hau, har da babur ɗin, sai da Malam Ari ya sa yara suna kwashe ruwa da ƙwarya. Kawu ya ce wataƙila gadar tana can gaba bayan kacalla, doguwar ciyawar nan da ta cinye mana rabin kogi, shi ya sa ba a hango ta. Gwaggo ta shigo tana tambayar wa da wa aka rasa. Da aka ce mata kowa yana nan, ta ce ba za ta shiga mota tun daga Nguru ta koma da hawayenta ba. Ta zauna ta yi kukan mijin Ya Fanna, wanda ya rasu tun ina aji huɗu. A tsakar gida ɗaya, wannan tabarma ana Allah ya sanya alheri, waccan ana Allah ya jiƙan musulmi. Ni nake kai ruwa tsakaninsu, ban san fuskar da zan yi ba. Busasshen kifin da Innata ta tara don kasuwa duk ya ƙare a miyar baƙi.

Na biyar, ƙoƙarin da aka yi.

Bulamanmu, wato mai garin, ya sa rawani ya tafi wani ofis ya tambayi yaushe za a fara aikin gada. Ya dawo ya ba da labari a majalisa, ina zaune a bayan Kaka. Wani ma'aikaci ya ce masa ai an buɗe ta, ko bai ji a rediyo ba, ko biyu yake so? Wani a tebur na gaba ya ce ya yi haƙuri, ba a maganar sabuwa sai an gama binciken rushewar tsohuwa. Bulama ya ce ya tsaya a tsakaninsu har ya fara shakkar ko shi ne bai duba kogin da kyau ba.

Ni ma na gwada. Na roƙi wayar babana na kira shirin da ake buga waya a rediyon Kaka. Karo na farko da mai shirin ya ce wa ke magana daga ina, sai na yi sallama na kashe. Karo na biyu na rufe ido na ce daga Mashayar Bulama nake, babu gada. Ya ce layin ba shi da kyau, Allah ya ba mu sa'a a gaba, ya sa kiɗa. Da yamma na kira rediyon Iya. Ina cewa babu gada, kafin in ƙarasa mai shirin ya ɗaga murya ya ce masu sauraro kun ji daga bakin ganau, ko alamarta ba ta rage ba, ga marainiya nan tana kuka. Ba kuka nake yi ba, haka muryata take in ina jin kunya. Kuma iyayena duka suna raye, babana ma yana tsaye a kaina yana jiran wayarsa.

Na shida, zaɓe, kuma shi ne babban abin da ya sa na rubuto.

Zaɓe ya matso. Maza a majalisa sun ce babu inda za su. Babana ya ce duk wanda ya ci, shi dai kwalekwale zai hau. Katinsa yanzu da shi yake kankare ɓawon kifi, ya ce bai taɓa yi masa amfani kamar haka ba. Samari sun daina jin labarai gaba ɗaya, sai ƙwallo. Wani cikinsu ya nuna mini hoton gadarmu a waya, da duwatsu a bayanta da wani ƙaton jirgi a ƙarƙashinta. Mu nan ko dutsen guga sai an sayo. Iya ta ce ba za ta zaɓi ɓarayi ba, na tambaye ta to wa za ta zaɓa, ta ce rediyonta bai faɗi ko akwai wanda ba ɓarawo ba.

A duk garin mutum ɗaya ne ya ɗaura niyya, shi ne Kaka. Bai taɓa fashin zaɓe ba. Ya sa an wanke masa farar rigarsa, ya ce wanda ya yi maka alheri ka rama masa. Kuma ya rantse ba zai hau kwalekwale ba, da ƙafarsa zai taka gadar nan ya haye, ko na riƙe sanda ko ban riƙe ba. Ba wasa yake yi ba. Makon jiya na je kai niƙa, na dawo babu shi a zaure. Na same shi a bakin kogi, ruwa ya kai masa gwiwa, yana laluben gaba da sanda. Na kama rigarsa ina ja. Ya ce in sake shi, farkon gadar ne ya ɗan jiƙe. Sai da Malam Ari ya ce masa an rufe ta yau ana fenti sannan ya yarda ya fito. Na ɓoye takalmansa, ya ce da can ma ba da takalmi aka haife shi ba. Wurin da ya tsaya, taku kaɗan a gaba akwai zurfin da ko babana ba ya tsayawa a ciki.

Don haka ga roƙona, don Allah don Annabi.

Ku aiko mutum ɗaya ɗaya, mai ido, ya zo ya tsaya a bakin koginmu. In ya sauka a Jajimaji ranar kasuwa ya tambayi masu kifin Mashayar Bulama, za su taho da shi. Za mu ba shi ruwa da tabarma. Ba na ce ya yabi kowa ko ya zagi kowa ba. Ya faɗi abin da ya gani kawai, ko da akuyar ce.

Rediyon Iya, ku gaya wa danginmu na Nguru babu wanda ya mutu, su daina zuwa. Ku kuma janye maraicin da kuka ba ni.

Ku gaya mana su wane ne suke neman ƙuri'a, me kowannensu ya yi, me bai yi ba, ba tare da kiɗa ko kuka ba. Wataƙila babana ya wanke katinsa. Ni ma wata rana zan kai shekarun zaɓe, ina so kafin lokacin in san wa zan saurara.

Rediyon Kaka, ku ne roƙona ya fi girma a kanku. Yana kunna ku bayan sallar asuba, kafin kunu ya huce. Ku kira sunansa ku ce, Baba Modu na Mashayar Bulama, ba a gina gada ba tukuna, ka hau kwalekwale. Maganata ba ya ji, taku yake ji.

In kun ƙi, na san abin da zan yi, don ba zan bari ya nutse ba. Ranar zaɓe zan riƙe sandarsa in kai shi bakin ruwa, in zaunar da shi a kwalekwale, in ce masa wannan ce gadar, irin ta zamani ce mai tafiya da mutum. Na san zai yarda, zai ma sa mini albarka, ya je ya dangwala wa wanda ya gina ta. Amma tun da na fara riƙe sandar nan ban taɓa ce masa tudu a inda rami yake ba. Ku taimake ni kada in zama gidan rediyo na uku.

Allah ya ƙara muku lafiya, ya kare ku da iyalanku, ya sa muryarku ta zama abin da makaho zai taka bai faɗi ba. In na yi rashin kunya a cikin maganata, ƙuruciya ce, ku yafe mini.

Wassalam.

Taku cikin ladabi,
Falmata, jikar Baba Modu,
Mashayar Bulama.